Shinkafar Inna a Kan Zanen Atiku

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Sau biyu ina yage takardar.

Na farko saboda rubutuna, wanda har yau yake hawa yana gangara. A aji huɗu na bar firamare, shekarar da Babanmu ya rasu, na koma taya Inna sana'ar turara shinkafa a gidanmu na Ambursa. Na biyu kuma saboda dole in faɗi wata magana da Atiku ya taɓa yaɓa mini, wadda har yanzu in na tuna masa sai ya sunkuyar da kai.

Shi ne ma ya matsa. "Rubuta har da ita, Laure. Kada ki rage mini komai."

To, ga shi.

Atiku ɗan Kawu Maliki ne, yayan Inna. Kawu yana zaune a Badariya cikin Birnin Kebbi, yana fataucin albasa. Tun muna yara, duk hutu Ambursa ake turo Atiku, mu wuni a kan rumfar korar tsuntsaye a gonar kakanmu Maigandi. Da Kaka ya rasu, Atiku kuma ya yi nisa a boko, Kawu ya rasa mai noma gonar, ya sayar. Tun daga ranar ba wanda yake ambatonta a gabansa.

Da Atiku ya samu jami'a a Zariya, ba wanda Kawu bai gaya wa ba a kasuwa cewa ɗansa alƙali zai zama. Sai da aka shekara uku ya gano zane yaron yake karantawa.

Wata Litinin, saura kwana biyar bikin kamun kifi na Argungu, na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Na leƙa. Atiku ne, ya ɗauro wani abu a naɗe wanda ya fi babur ɗin tsawo.

"Lauren Inna! Zo ki kama mini kafin ya kayar da ni!"

"Mi na na wanga? Gawa ka ɗauko muna?"

"Gawar digirina ce. Baba ya kore ta daga Badariya, wai gidansa ba juji ba ne."

Na rufe baki da gyale ina dariya. Muka shigar da abin ɗakin marigayi Baba, muka warware.

Wani ƙaton tamfol ne mai kauri. An shafe shi da lakar gulbi, da shuni, da jar ƙasa, an haɗa su da ƙaro. Ga guntun tsohuwar komar kamun kifi a manne a gefe. Ga wani farin layi ya ratsa ya karkace. Ga baƙaƙen ɗigo uku. Ba mutum, ba gida, ba ko akuya.

"Ya kika gani?"

Na matso kusa na sunsuna. Can na ce, "Shina warin gulbi."

Ya tuntsire da dariya. "Wata bakwai ina aikinsa, abin da za ki ce ke nan? Wannan shi ne sabon zane, Laure. Yanzu an wuce zamanin a zana doki kowa ya ce ga doki."

Sai dariyar ta ɗauke. Ya zauna a bakin ƙofa yana juya makullin babur.

"An ba ni wuri a rumfar nunin sana'o'i a Argungu. Baba ya ce zai zo. Ya ce in aka samu mutum ɗaya mai hankali, ɗaya tak, da zai gaya masa ko mene ne wannan har ya gane, zai kawo goron aurenmu Ambursa."

"In ba a samu ba hwa?"

"Ya ce ba zai ɗauki marainiyar ƙanwarsa ya ba mai wasa da laka ba. In shiga rumfar albasa tukuna... shekara biyu, uku, har hankalina ya dawo."

Shekara huɗu ina jiran mutumin nan. Masu neman aurena uku na mayar, Inna tana ta ba mutane haƙuri.

"To ka hwaɗa mani mana, ni in hwaɗa mai."

"Ya riga ki, masoyiya. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Ni ma ya hana ni buɗe baki a wurin."

Don ya kawar da zancen, ya miƙa hannu kan akwatina inda nake ajiye littattafaina. Uku ne kacal. Biyu shi ya kawo mini daga Zariya: ɗaya labarin soyayya, ɗaya na wani ɗan kasuwa mai yawon ƙasashe. Na ukun ba shi da bango. Littafin labarin ƙasa ne mai taswirori, wanda malamarmu ta ce in riƙe ranar da na bar makaranta.

"Faɗi gaskiya, wanne kika fi so?"

Ya riga ya ɗaga na soyayyar yana murmushi, don duk ya ja mini layi a ƙarƙashin kalmomi masu daɗi.

Na nuna marar bangon.

"Na taswira?! Haba Laure! Duk jan layin da na yi?"

"Na karanta naka, har sau ukku. Amma wanga... cikinai nika ganin duniya daga bisa, awa shirwa. Gulbi shi koma zare, gari shi koma ɗigo."

Ya daɗe yana kallona har na sunkuyar da kai.

"Ke dabam ce, abar ƙaunata."

Da zai tafi ya ce ƙaron bai gama bushewa ba, in taimaka in shimfiɗa zanen a rana da safe. Na ce to. Inna tana Gwandu wurin suna, sai Laraba muke sa ranta.

Talata da safe na ɗora shinkafar da na jiƙa tun jiya a wuta. Na jawo zanen na shimfiɗa a tsakar gida, inda rana take fara sauka. Ban ma yi tunani ba cewa daidai wurin shanyarmu ne. Na ɗauki bokiti na tafi rijiya, na tarar da layi.

Ashe Inna ta samu mota, ta dawo kwana ɗaya kafin ranar.

Ta shigo ta ga tukunya tana tururi, shinkafa ta kusa wuce lokacinta. Ta waiga ta ga tamfol a shimfiɗe a wurin shanya. Ko gyale ba ta ajiye ba, ta yi abin da kowace mace a Ambursa za ta yi.

Ina shigowa na same ta a durƙushe, tana baza shinkafa mai zafi da tafin hannu.

"Allah shi yi maki albarka, ɗiyar nan! Har tamhwal kinka samo muna! Sai dai mai shi ƙazami na, dut laka..."

Bokitin ya suɓuce daga kaina.

"Inna! Innaaa! Digirin Yaya Atiku na!"

"Digi mi?"

Muka hau kwashewa, da hannu, da tsintsiya, da faifai. Ta gefe ta fita. Amma zafin ya narkar da ƙaron tsakiya, shinkafa ta nutse a ciki ta kama. Har sawun yatsun Inna ya fito, layi-layi a lanƙwashe, yadda ta baza.

Da azahar Atiku ya iso yana fito. Ya shigo tsakar gida, fiton ya tsaya.

Ya durƙusa ya ɓanɓare ƙwaya ɗaya, laka ta biyo ta.

"Wa... wa ya yi wannan?"

"Ni ta!" in ji Inna. "Kai kana kukan tsumma, ni hwa? Dubi shinkahwata, rabi ta koma shuɗiya! Wa za shi ci?"

"Gwaggo, wata bakwai! Wata bakwai!"

"Yaya Atiku, laihina na," na ce. "Ni na shimhiɗa shi wurin shanya. Ka yi hanƙuri..."

Ya miƙe. Idonsa ya yi ja. Bai kalli Inna ba, ni ya kalla.

"A'a, laifina ne. Ni na kawo aikin jami'a gidan da ba a san bambancin zane da tabarmar shanya ba. Me zan tsammata daga aji huɗu?"

Inna ta ajiye faifan da ke hannunta.

Ban yi kuka a gabansa ba, kuma har yau ina jin daɗin hakan. Na shiga ɗaki na ɗauko littattafansa biyu, na fita na ɗora su a kan babur ɗinsa.

"Waɗanga naka na. Na aji huɗun, shi na nawa."

"Laure..."

Na shige na ja labule. Ina ji ya tayar da babur.

Sai a lokacin na yi kukan. Na yi har la'asar, har Inna ta gaji da rarrashi ta ce in ba zan daina ba, in hau rumbu in ɗebo mana wata shinkafar, tunda wannan ta zama ta masu ilimi.

Na jingina tsani na hau. Ina kan matakin ƙarshe na waigo, idona ya sauka a kan zanen yana kwance a ƙasa.

Na ƙame a wurin.

Farin layin nan da ya karkace... baƙaƙen ɗigo uku... Wayyo Allah! Ai gonar Kaka ce! Gonar Kaka, kamar yadda muke hangenta daga kan rumfar korar tsuntsaye. Komai yana wurinsa. Ita kuma shinkafar Inna ta zauna a tsakiya, inda gonar take.

Na daɗe a kan tsanin, hawaye suna sake zubowa.

Amma ban gaya wa kowa ba. A raina na ce, ai 'yar aji huɗu ce ni. Bari masu jami'a su faɗa.

Ranar Juma'a Atiku ya zo da motar ɗaukar albasa. Ya gaishe da Inna a durƙushe, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce ba shi da wani abin da zai rataya, haka zai kai shi.

"Mu ma za mu," in ji Inna. "Sai na ga inda shinkahwata taka zuwa."

Ranar Asabar, Argungu ta cika ta batse. Kiɗa ta ko'ina, maza ɗauke da manyan gora da koma suna gangarawa gulbin Matan Fada, masu tallar soyayyen kifi suna ta kira. Ni dai ina bayan Inna, riƙe da bakin gyalenta.

A rumfar nuni akwai albasa manya-manya, da ƙore masu ado, da takalman fata. Can a ƙurya aka rataye zanen Atiku a jikin zana. Mutane suna zuwa, su karkata kai hagu, su karkata dama, su yi dariya su wuce. Wani ya ce ko bangon ɗaki ne ya faɗo aka kawo.

Mutum ɗaya ne ya tsaya da gaske, wani Malam Usmanu daga ma'aikatar al'adu ta Sakkwato, sanye da kwat duk zafin nan. Yana ta zuba Turanci yana gyaɗa kai. Da ya juyo Hausa sai na ji yana cewa, "Musamman shinkafar nan! Wannan dabara ce ta gwanaye!"

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. "Kin ji ko? Gwanaye."

Sai ga Kawu Maliki cikin farar babbar riga. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tsaya gaban zanen, hannuwa a baya.

"To, ga ni. Wa za shi hwaɗa mani ko mi na na?"

Malam Usmanu ya gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, Alhaji, irin wannan zane ba a tambayar ko mene ne. Abin da ka ji a ranka in ka kalle shi, to shi ne."

"Abin da nika ji?"

"Ƙwarai."

"Yunwa nika ji. Ga abinci an ɓata."

Rumfar ta ɗauki dariya. Malam Usmanu ya sake gwadawa, ya yi zancen ƙasashen Turai, da yadda masu kuɗi suke rububin irinsa.

"Malam, ban tambaye ka wa ka saye ba. Mi na na?"

Malam Usmanu ya kawar da kai.

Kawu ya juya ga ɗansa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Shekara huɗu, Atiku. Ɗa guda Allah ya ba ni, na ba boko. Abin da boko ta maido mani ke nan. Litinin ka iske ni rumhwa."

Ya tattare rigarsa zai tafi.

Na kalli Atiku. Leɓensa yana motsi, rantsuwa ta ɗaure shi. Ya dube ni sau ɗaya, ba kallon neman taimako ba, don bai san na sani ba. Kallon ban kwana ne.

Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Kawu abin da ya wuce gaisuwa ba. Ga maza cike da rumfa. Ga maganar aji huɗu tana ci mini zuciya.

"Kawu..."

Bai ji ba.

"Kawu!"

Ya tsaya. Kowa ya waigo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Laure? Ke ta?"

"A... a sauke shi ƙasa, Kawu. Ba a bango aka kallonai ba."

"Ke yarinya," in ji Malam Usmanu, "zane ai a bango..."

"Ku sauke mata!" in ji Kawu.

Atiku da kansa ya kwance igiyar. Aka shimfiɗa. Mutane suka ja baya suka yi da'ira. Na cire takalmina na tsaya a gefen gabas.

"Kawu, zo ka tsaya nan. Ka ɗauka kana bisa rumhwar korar tsuntsu."

Ya zo, yana harara.

"Wanga hwarin layi, gulbi na. Ga inda yal lanƙwasa kusa da mashayar shanu. Shuɗin ga, can baya na, inda ruwa ka zurhi, inda sai da jirgi aka shiga yankan shinkahwa. Jan ga, tudun da Kaka ka sa rogo. Komar ga, bakin rami na, inda shika kama muna tarwaɗa in ruwa ya ja."

Muryata ta daina rawa. Ban san lokacin da ta daina ba.

"Baƙaƙen ga ukku..."

"Giginya," in ji Kawu, a hankali. "Giginya ukku."

Wani tsoho daga cikin masu kallo, mutumin Ambursa, ya kutso kai. "La ilaha illallahu! Wallahi gonar Maigandi ta! Ga ma iyakarmu nan!"

Nan take da'irar ta matse. Manoma da masunta suka sunkuya, kowa yana nuna abin da ya gane, suna gardama a kan inda hanyar shanu take. Waɗanda suka yi dariya ɗazu su ne suke ture juna don su gani.

Kawu kuwa ya durƙusa, farar rigarsa a cikin ƙasa, bai damu ba. Ya ɗora yatsa a gindin giginyar tsakiya.

"Nan tsohona ka zama," ya ce. "Nan shika cin tuwonai."

Ya shafa shinkafar da tafin hannu, ya bi sawun yatsun Inna. Na ga hawaye ya gangaro ya shige gemunsa. Inna ma ta ja gyale ta rufe fuska, don ita ma ubanta ne.

Can Kawu ya nuna wani ɗan murabba'i a gefe, mai fararen ɗigo biyu a kai, manne da juna.

"Rumhwar ke nan. To waɗanga biyu hwa?"

Na sunkuyar da kai, kunnuwana suna zafi.

Inna ta fyace hanci ta ce, "Tsuntsayen da sunka hi ɓarna ke nan, Yaya. Ga su tsaye gabanka."

Aka kwashe da dariya. Kawu ya ɗago ya kalli ɗansa.

"Na kwance maka rantsuwa. Don mi ka yi wanga abu?"

Atiku ya durƙusa kusa da shi.

"Saboda karatuna ka sayar da ita, Baba. Ba ka taɓa faɗa ba, amma na sani. Duk shekarun nan ina tunanin yadda zan maido maka ita. Ban iya noma ba, ban iya shari'a ba. Wannan kaɗai suka koya mini. Na ce ko a tamfol ne, in ajiye maka ita inda ba mai sake saye."

Kawu ya dafa kan Atiku, ya bar hannun a wurin.

Ya kamata in yi shiru a nan. Amma bakin da ya buɗe ya ƙi rufuwa.

"Sai dai ya yi kuskure guda."

Atiku ya ɗago. "Kuskure?"

"Mashigin ruwa. Ka sa shi ta gabas. Ba nan ruwa ka shiga gonar ba. Ta bayan giginyar tsakiya shika zagayowa."

Kawu ya sunkuya ya duba. Sai ya buga cinya.

"Gaskiya ta! Wallahi gaskiya ta! Ta bayan giginya! Kai, shekara huɗu Zariya ba ka san inda ruwa ka shiga gonar kakanka ba?"

Yana dariya yana share ido. Malam Usmanu ya matso kusa da ni, ya cire gilashinsa.

"Malama, don Allah, a ina kika yi karatu?"

Na ɗaga kaina. Na kalli Atiku ido cikin ido, na faɗa yadda duk rumfar za ta ji.

"Ambursa. Aji huɗu."

Atiku ya rufe fuska da hannu biyu.

Kawu ya miƙe yana kaɗe riga. Ya sa aka naɗe zanen, ya ce ba wanda zai sayar wa, ɗakinsa na Badariya za shi, kuma a ƙasa za a shimfiɗa shi. Sannan ya juya ga Inna.

"Kulu, Jumma'a mai zuwa ki share zaure. Ina tahe da goro. Na ce mutum guda mai hankali, ashe gida shike."

Da la'asar, bayan an fito da manyan kifaye ana ta ihu a bakin ruwa, Atiku ya same ni a gindin wata bishiya ina jiran Inna ta gama cinikin kifi. Ya tsaya nesa kaɗan, kamar baƙo.

"Laure..."

Na yi kamar ina kallon jirage.

"Hasken idona, maganar da na faɗa... tun ranar ban yi barcin kirki ba. Malamaina sun ga zanen nan, abokaina sun gani, kowa ya yaba, ba wanda ya gane. Ke kaɗai. Ki yafe mini, don Allah."

"Ban raina jami'arka ba, Yaya Atiku. Ko sau guda. Duk wanda yac ce laka kaka wasa da ita, ni ka tare maka. Da ba su koya maka ba, da gonar Kaka ta tahi ke nan, ba mai sake ganinta. Na yi alhwahari da kai yau, har zuciyata ta cika."

"To kin yafe?"

"Amma ni ma ba a banza niz zauna aji huɗun ba."

"Na sani... wallahi yanzu na sani."

"Kuma ka ba Inna hanƙuri. Gwana ta, an hwaɗa gaban jama'a."

Ya yi dariya da jajayen idanu. "Har sunanta zan rubuta a jiki. To ni fa? Me zan yi ki yafe?"

Na gyara gyalena, don na hango Inna tana tahowa da kan giwan ruwa a leda.

"Gobe da sahe ka zo Ambursa. Ka taho da takarda da alƙalami. Kada ka sanyo takalmin kirki."

Washegari, rana ba ta gama fitowa ba, na je na gaishe da mutumin da ya sayi gonar, na roƙe shi izini. Na sa Atiku a gaba muka gangara fadama, Inna tana biye da mu daga nesa, wai itace ta zo nema.

Na kai shi bayan giginyar tsakiya, inda har da rani ƙasa ba ta bushewa. Na ce ya naɗe wando ya shiga. Ya shiga, laka ta kama shi har gwiwa, ya yi tangal-tangal ya rungume takardarsa.

Ni kuma na hau kan kunyar gonar na tsaya, na fara nuna masa: ta inda ruwa yake zagayowa, a wane wata yake isowa, inda yake fara kwanciya, da inda yake barin ƙarshe.

Yana rubutawa da sauri, gumi yana ɗiga a takardar.

"Tsaya, tsaya, Malama... sake faɗa. A hankali."

Na sake faɗa masa, a hankali.